Agustin na Hippo: Malamin da ya yi ta fama da batun ƙaddara da zaɓi

A yau shafin namu zai waiwayi rayuwar wani ɗan Afirka wanda Kiristocin duniya ke ɗauka ɗaya daga cikin manyan malamansu, wato Agustin. An haife shi a shekarar 354 a garin Tagaste, wanda yanzu ake kira Suk Ahras a ƙasar Aljeriya. Mahaifiyarsa Monika Kirista ce, mahaifinsa kuwa bai karɓi addinin ba sai gab da rasuwarsa.

Ya yi karatu a Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu, inda ya bi addinin Mani kimanin shekara tara. Mabiya Mani na ganin mugunta wani ƙarfi ne na duhu da ke aiki cikin mutum, don haka laifin ba nasa ba ne ɗungurungum. Daga baya koyarwa ta kai shi Milan a Italiya, inda wa'azin Bishop Ambros ya ratsa shi, aka yi masa baftisma a 387. Ya komo Afirka, aka naɗa shi limamin coci a Hippo, wato Annaba ta yau, a 391, bayan 'yan shekaru ya zama bishop.

Da farko ya rubuta littafi kan 'yancin zaɓi don mayar wa mabiya Mani martani, yana nuna cewa mugunta daga nufin mutum take fitowa, ba daga Allah ba. Amma ya tuna yadda yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka saci 'ya'yan itace ba don yunwa ba, suka watsa wa aladu, da kuma yadda ya daɗe yana son barin sha'awa yana kasawa. Wannan ya sa ya gamsu cewa tun zunubin Adamu nufin ɗan Adam ya raunana, ba ya iya juyowa ga Allah sai alherin Allah ya fara taɓa shi.

Nan ne suka saɓa da Filajiyus, wani ɗan zuhudu daga Birtaniya, wanda ke koyar da cewa Allah ba zai umarci mutum da abin da ba zai iya ba. Taron bishop-bishop a Kartaj ya yi watsi da koyarwar Filajiyus a 418.

Sai dai rigimar ba ta ƙare ba. Wasu 'yan zuhudu a Hadrumetum, wato Susa ta Tunisiya, suka kawo tambayar da mu ma kan ji a zaure: in Allah ne ke zaɓar wanda zai shiryu, me ya sa za a tsawata wa mai laifi? Agustin ya amsa cewa alherin Allah warkar da zaɓin mutum yake yi, ba ƙwace shi ba, kuma tsawatarwar kanta na iya zama hanyar da Allah zai bi ya gyara shi.

Ya rasu ranar 28 ga Agusta, 430, lokacin da mayaƙan Bandal suka yi wa Hippo ƙawanya. Taron Oranj na 529 ya amince da koyarwarsa kan alheri, amma ya ƙi cewa Allah na ƙaddara wa wani aikata mugunta. Bayan sama da shekara dubu da rasuwarsa, Martin Luther da John Calvin suka sake ɗaukar zancen, kuma har gobe coci-coci ba su zama baki ɗaya a kansa ba.