Frederick Taylor: Mutumin da ya auna aiki da agogo

Frederick Winslow Taylor, injiniya ɗan ƙasar Amurka, shi ne ake ɗauka a matsayin wanda ya aza harsashin nazarin tafiyar da aiki a masana'antu bisa awo da ƙididdiga.

An haife shi ranar 20 ga watan Maris na 1856 a birnin Philadelphia, a gidan wadata. Mahaifinsa lauya ne.

Ya ci jarrabawar shiga Jami'ar Harvard, amma ciwon ido ya sa ya haƙura da karatun, ya shiga koyon aikin inji.

A 1878 ya kama aikin lebura a kamfanin ƙarafa na Midvale, inda ya yi ta samun ƙarin girma har ya zama babban injiniya.

Awo da agogo

A nan ne ya lura cewa ma'aikata na jan ƙafa da gangan, don gudun kada a rage musu lada in aka ga suna da sauri. Su kuwa masu kamfanin ba su ma san iyakar abin da mutum zai iya yi a yini ba.

Sai ya riƙa rarraba kowane aiki kashi-kashi, yana auna lokacin kowane kashi da agogo, yana watsar da duk motsin da ba shi da amfani.

Gwajinsa mafi shahara shi ne wanda ya yi a kamfanin ƙarafa na Bethlehem, inda ya koma a 1898.

A lissafinsa, leburan da ke loda tan 12 da rabi na ƙarfe a yini ya koma loda tan 47, ladansa kuma ya tashi daga dala 1.15 zuwa dala 1.85.

Wato aiki ya ninka kusan sau huɗu, lada kuwa ko ninki biyu bai kai ba.

Taƙaddama

A 1911 ya wallafa littafinsa The Principles of Scientific Management. A ciki ya ce tsara aiki na shugabanni ne, aiwatarwa kuma ta ma'aikaci.

Ƙungiyoyin ƙwadago sun yi tir da wannan, suna ganin an raba ma'aikaci da basirarsa, an mai da shi tamkar inji.

A shekarar ce ma'aikatan masana'antar makamai ta gwamnati da ke Watertown suka yi yajin aiki saboda an zo auna su da agogo.

Wannan ya sa Majalisar Wakilan Amurka ta kafa kwamitin bincike, wanda Mista Taylor ya gurfana gabansa a 1912. Daga bisani majalisar dokokin ƙasar ta hana irin wannan awo a masana'antun soja.

Duk da haka tsarin ya bazu. Hatta Lenin, wanda da farko ya soke shi, ya nemi a yi nazarinsa a Rasha a 1918.

Mista Taylor ya rasu ranar 21 ga watan Maris na 1915 sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 59.

A 1974 wasu masana biyu, Charles Wrege da Amedeo Perroni, sun nuna cewa ya yi ƙarin gishiri a labarin gwajin Bethlehem. Amma har yanzu da sunansa ake fara tarihin wannan fanni a jami'o'i.