Malam Aminu Kano a Kujerar Kwamishina

A watan Agusta na shekarar 2023, lokacin da aka rantsar da sababbin ministoci, na je kasuwar Alaba Rago da ke nan Ojo domin in gyara Hausata, kasancewar ba da ita aka haife ni ba. Sai na tarar dattawa suna ta muhawara a kan wanda ya samu da wanda ya rasa, kuma sunan Malam Aminu Kano bai bar bakinsu ba. Ni dai a aji na san shi a matsayin marubucin Motsi Ya Fi Zama. Ban taɓa sanin ya riƙe ma'aikata a nan Legas ba.

An haifi Malam a Kano a shekarar 1920. Ya yi karatu a Kwalejin Kaduna, ya koyar a Makarantar Midil ta Bauchi tare da Abubakar Tafawa Balewa, daga baya ya je Ingila ƙaro ilimi. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, sai ya zama jagoran talakawa masu adawa da mulkin En'e da jam'iyyar NPC. A zaɓen 1959 ya ci kujerar majalisar tarayya, amma a gwamnatin tsohon abokin aikinsa bai wuce mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati ba. A 1964 kuma kujerar ta suɓuce masa.

Abin mamaki, abin da ƙuri'a ba ta ba shi ba, soja ne suka ba shi. Bayan juyin mulki biyu na 1966, Yakubu Gowon ya hau mulki yana ɗan shekara 31, ƙasa kuma tana shirin tsagewa. A watan Mayu 1967 ya ƙirƙiro jihohi 12, sannan a watan Yuni ya jawo farar hula cikin majalisar zartarwa da sunan kwamishinoni. Da yawansu 'yan adawan jiya ne: Awolowo, wanda Gowon ya fito da shi daga kurkuku, ya samu ma'aikatar kuɗi, Anthony Enahoro yaɗa labarai, Joseph Tarka sufuri, Malam Aminu kuwa sadarwa. Ba don soyayya aka yi haka ba. Gowon yana buƙatar mutanen da jama'a ke jin maganarsu domin yaƙin basasa yana bakin ƙofa.

A 1971 aka yi garambawul. Awolowo ya ajiye aiki, Shehu Shagari ya gaje shi, Tarka ya koma sadarwa, aka mayar da Malam ma'aikatar lafiya, inda ya zauna har 1974, shekarar da Gowon ya janye alkawarin miƙa mulki a 1976.

A nan ne dattawan suka rabu biyu. Wasu na ganin bai kamata mai fafutukar 'yancin talaka ya shekara bakwai yana yi wa gwamnatin da ba zaɓaɓɓiya ba aiki. Wannan magana tana da nauyi, musamman bayan yaƙi ya ƙare a 1970. Amma a ganina, raba Arewa zuwa jihohi shida ya rage ƙarfin tsarin da ya daɗe yana yaƙa, don haka ba sayar da aƙidarsa ya yi ba. Kuma ko masu sukarsa a wajen ba su ce ya tara dukiya ba, alhali a shekarun nan ne kuɗin man fetur ya fara kwarara, har Tarka ya sauka a 1974 bisa zargin rashawa.

Malam ya kafa PRP a 1978, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983. Gidansa na Gwammaja shi ne ya zama cibiyar Mambayya ta Jami'ar Bayero.