Daga Tarihin Magabata: Nana Asma'u Ƴar Shehu, Uwar Ƴan Taru

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rahama, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, a wannan fitowa mun ɗauko tarihin wata baiwar Allah wadda ta nuna cewa kai ilmi ga raunana babban tausayi ne.

An haifi Nana Asma'u a Degel a shekarar 1793, a gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, watau 1218 ta Hijira. Ta ga yaƙi da yunwa da cuta da idonta, ta ga yadda mata ke wayar gari zawarawa, yara kuma marayu. Ta hardace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Da ƙura ta lafa, ƙauyuka suka cika da matan da yaƙi ya raba da garuruwansu, da yawansu ko alwala ba su iya ba. Nana Asma'u ba ta raina su ba. Ta zaɓi dattijai mata masu amana, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa alamar jagoranci. Jaji takan taro tsofaffi da ƴan mata su taho da ƙafa wurin Nana, su ɗauki karatu cikin waƙa mai sauƙin hadda, su koma su koyar da matan aure a cikin gidajensu. Su ake kira Ƴan Taru. Sadakar da suke kawowa ta hatsi da zuma da tufafi takan raba ta ga mabuƙata. Su kuma sukan yi jinyar marasa lafiya, su yi wa mata wankan gawa.

Ba ta tsaya ga talakawa kaɗai ba. Ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, zuwa Hausa, wadda ke gargaɗin masu mulki da alƙalai a kan zalunci da cin dukiyar jama'a, domin talaka ya san haƙƙinsa, shugaba kuma ya ji tsoron hisabi. Ta rasu a 1864, kabarinta yana Hubbaren Shehu a Sakkwato.

To, ya jama'ar Matameye, mu dubi gidajenmu. Mu da kanmu mun sha zama da magidanta masu cika sahun farko, alhali matansu ba su gyara Fatiha ba. Zawarawa nawa ne a unguwarmu da ba mai leƙa su lokacin da rumbu ya ƙare? Ƴaƴa mata nawa muka cire daga madarasa muka ɗora musu talla? Za a tambaye mu a kan wannan amana.

Kada mu yanke ƙauna. Abin da ta fara a zamanin yaƙi bai fi ƙarfinmu ba a zamanin zaman lafiya. Kowane masallaci ya nemi dattijuwa mai ilmi ta karantar da matan unguwa, a kuma ware wa marayu rabo daga zakkar hatsi.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya ba mu ikon koyi da magabata na gari, amin.