Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Sha'anin Shuke-shuke

Jama'ar Magarya da Dungas, na gida da na wajen bida, a wannan fitowa mun kawo muku tarihin mutumin da wasu dattawanmu ba su cika son jin yabonsa ba. Dalili kuwa sananne ne. Jihadin mahaifinsa ne ya fitar da Sarkin Gwari Abdu daga Daura, zuriyarsa suka zauna Zango da Baure, daga cikinsu kuma Masallaci ya kafa Magarya. Ƙasarmu Damagaram ta bi, ba Sakkwato ba. To, labarin yaƙi dai an sha ba da shi. Na lambu ne ba kowa ya sani ba.

An haifi Muhammadu Bello a 1781, ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Ya yi karatu wurin mahaifinsa da baffansa Abdullahi. Shi ya gina birnin Sakkwato a 1809, ya zama Sarkin Musulmi a 1817 bayan rasuwar Shehu.

Mutanen ƙasar Sakkwato suna danganta masa yaɗuwar rake da rogo da rumman a ƙasarsu, har da jigo, watau sandan nan mai guga da ake ɗebo ruwa da shi a ba lambu. Ku duba nisan inda waɗannan abubuwa suka fito. Rogo ɗan Amurka ta Kudu ne, Turawan Fotugal suka ƙetaro teku da shi zuwa gaɓar Afirka tun ƙarni na 16, ya yi ta tafiya hannu da hannu kafin ya iso arewa. Rake asalinsa tsibiran gabas mai nisa, ya biyo ta Indiya, Larabawa suka kai shi Masar da Magrib. Rumman daga wajen Farisa yake. Jigo kuwa tsohon abu ne a bakin kogin Nilu. Fatake da alhazai kan shigo da iri a cikin kayansu, amma iri a jaka ba ya ciyar da kowa, sai an sami mai iko da zai ba shi fadama da masu ban ruwa. Abin da Bello ya yi ke nan. Ya kafa garuruwan ribaɗi a kwarin Rima, ya zaunar da jama'a, har da Fulani makiyaya, ya sa su noma. A wasiƙar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje kan ka'idojin mulki, ya hore shi da ya kula da manoma da masu sana'a, ya raba su cikin garuruwa.

Ba a makaranta ya koyi ilmin tsirrai ba. Son abin ne da yawan karatun littattafan Larabawa na magani. Ya rubuta littafi a kan ciwon ido, wani a kan basir, wani kuma sukutum a kan filasko, ganyen nan da iyayenmu mata ke jiƙawa don wankin ciki. Sarki mai yaƙi gabas da yamma ya zauna ya yi wa filasko littafi, ai wannan abin a jinjina ne.

A 1824 Baturen Ingila Kilafatan ya iso Sakkwato. Cikin abin da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da likita da zai zo ya zauna a ƙasarsa. Da Baturen ya komo a 1826, ya zo masa da littattafan Larabci na lissafi da na magani. Likitan dai bai zo ba, Kilafatan kuma ya mutu can a 1827.

Mu da ke da fadamun Korama, inda rake da rogo ke fid da gidaje da yawa daga yunwar bazara, mun san darajar irin da wani ya ɗauko daga nesa ya jarraba. Yau samarinmu na Kano da Legas da Libiya, rediyo da tufafi suke komowa da su, da wuya ka ga wanda ya ƙullo iri ko dashe, alhali wasu lambunan kakanni na nan ba mai ban ruwa.

Bello ya yi shekara 20 a kan mulki. Ya rasu a 1837 a Wurno, garin da ya gina a gefen kwarin Rima, can kuma kabarinsa yake. Allah ya ji ƙansa, amin.