J.R.R. Tolkien: Marayan Da Ya Bauta Wa Ubangiji Da Alƙalaminsa

An haifi John Ronald Reuel Tolkien ran 3 ga Janairu, 1892, a garin Bloemfontein, cikin ƙasar da ake kira Afirka ta Kudu a yau. Mahaifinsa Arthur manajan banki ne, mutumin Ingila. Da yake zafin ƙasar bai karɓi yaron ba, a 1895 mahaifiyarsa Mabel ta kai shi Ingila tare da ƙanensa Hilary, da nufin su koma daga baya. Allah bai nufa ba, gama a watan Fabrairu na 1896 labari ya iso cewa Arthur ya rasu. Mabel ta zauna da 'ya'yanta biyu a ƙauyen Sarehole, kusa da birnin Birmingham, ta zama ita ce uwa, ita ce uba, ita ce kuma malamarsu ta fari. A wurinta Ronald ya fara koyon Latin da Faransanci da zane.

Bangaskiyar uwa

A shekarar 1900 Mabel ta shiga Ikkilisiyar Katolika. Danginta da dangin mijinta, waɗanda suke na waɗansu ɗariku, suka husata ƙwarai, har aka janye taimakon kuɗin da ake ba ta. Talauci ya sa ta yi ta ƙaura da yaran daga wannan gidan haya zuwa wancan, amma ba ta ja da baya ba. Ciwon sukari ya kama ta a zamanin da ba a riga an gano allurar insulin ba, ta rasu a watan Nuwamba na 1904, tana da shekara 34. Ronald kuwa yana da 12. Har ƙarshen ransa ya ɗauka cewa wahalar da mahaifiyarsa ta sha saboda bangaskiyarta ce ta gaggauta mutuwarta, wannan kuwa ya sa bai taɓa ɗaukar bin Yesu Almasihu da wasa ba.

Kafin ta cika, Mabel ta danƙa amanar yaran a hannun wani limamin ikkilisiya mai suna Fada Francis Morgan. Shi ya riƙe su, ya biya musu bukatunsu, har daga aljihunsa.

Gwajin biyayya

Yana ɗan shekara 16, Ronald ya haɗu da wata marainiya mai suna Edith Bratt a gidan da suke haya, ƙauna ta shiga tsakaninsu. Da Fada Francis ya ga karatun yaron yana lalacewa, sai ya hana shi ganinta ko rubuta mata wasiƙa har ya cika shekara 21. Umarnin ya yi masa nauyi, duk da haka ya bi, domin ya san alherin da mutumin nan ya yi masa. Ya shiga Jami'ar Oxford a 1911. A ranar da ya cika shekara 21 ya rubuta wa Edith, sai ya tarar ta riga ta yi wa wani alkawarin aure. Ya bi ta har garin Cheltenham, suka yi magana, ta mayar wa wancan zobensa. Aka ɗaura musu aure ran 22 ga Maris, 1916, suka kuma zauna tare shekara 55. Lalle mahaƙurci mawadaci ne.

Ko wata uku ba a cika ba bayan bikin, aka tura shi Faransa, fagen Yaƙin Duniya na Farko, yana hafsan sadarwa. Ya ga mummunan yaƙin da aka gwabza a Somme, inda aminansa biyu na makaranta, Rob Gilson da G.B. Smith, suka rasa rayukansu a shekarar. Shi kuwa zazzaɓin da ƙwarƙwata take kawowa ya kwantar da shi, aka mai da shi gida. A kan gadon jinya ya fara rubuta labaran wata duniya ta almara, da mutanenta da harsunanta, aikin da bai ajiye ba har mutuwarsa.

Shaida ga aboki

Bayan yaƙi ya yi aiki a babban ƙamus na Oxford, ya koyar a Jami'ar Leeds, a 1925 kuma ya zama farfesan tsohon harshen Ingilishi a Oxford. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu: John, wanda ya zama limamin ikkilisiya, da Michael, da Christopher, da Priscilla.

A 1926 ya sadu da wani malami mai suna C.S. Lewis, wanda ya yi watsi da bangaskiya tun yana yaro. Suka ƙulla abota a kan ƙaunar tsofaffin labarai. A hankali Lewis ya yarda akwai Allah, amma ya kasa gane abin da mutuwar Yesu ta amfana masa. A daren 19 ga Satumba, 1931, Tolkien da wani abokinsu, Hugo Dyson, suka yi ta zagawa da shi cikin lambun kwalejinsa suna zance har wajen asuba. Tolkien ya nuna masa cewa in ya karanta labarin wani da ya ba da ransa domin waɗansu a cikin almarar mutanen dā, zuciyarsa takan motsu, amma in ya tarar da wannan a cikin Bishara sai ya toshe kunne. Bambancin kuwa shi ne, labarin Almasihu ya faru da gaske, a zamanin Bilatus Babunti, Allah ne da kansa ya tsara shi. Bayan 'yan kwanaki Lewis ya ba da gaskiya ga Yesu, Ɗan Allah. Ya shiga Ikkilisiyar Anglikan, abin da bai yi wa Tolkien daɗi ba, amma littattafan da ya rubuta daga baya don kare bangaskiyar Kirista sun taimaki masu bi na ɗariku da yawa a duniya.

Tatsuniya da Bishara

Tolkien yakan ba 'ya'yansa labari da dare. Daga cikin irin labaran nan aka sami *The Hobbit*, wanda aka buga a 1937, bayan ɗan mai kamfanin ɗab'in, yaro mai shekara 10, ya karanta ya yaba. Ci gabansa, *The Lord of the Rings*, ya ci masa fiye da shekara 10 yana rubutawa, Lewis yana ta ƙarfafa shi, har ya fito kashi uku a 1954 da 1955.

A wata lacca da ya yi a Jami'ar St Andrews a 1939, ya bayyana dalilinsa. A ganinsa, mutum yana ƙaga labari ne domin an yi shi cikin siffar Mahalicci, saboda haka ƙagensa ƙarami ne, yana ƙarƙashin halittar Allah. Ya kuma koyar cewa kyakkyawan labari yakan kai inda sa zuciya ta ƙare, sa'an nan ceto ya zo ba zato, tashin Yesu daga matattu kuwa shi ne asalin dukan irin wannan murna.

Ba a ambaci sunan Yesu a littafin ba, amma mai karatu da lura zai ga sawun bangaskiya. Zoben mugun sarki yana ba da iko, yana kuma lalata duk wanda ya riƙe shi, har masu hikima suka ƙi taɓa shi ko don yin alheri. Wanda ya ɗauki nauyin hallaka shi, Frodo, ɗan ƙaramin taliki ne marar ƙarfi. Da ya isa bakin dutse mai aman wuta, jaraba ta rinjaye shi, ya ƙi jefa zoben. Gollum, mugun da Frodo ya taɓa ji wa tausayi ya bar shi da rai, shi ne ya ƙwace zoben ya fāɗa da shi cikin wutar. Wato ƙarfin jarumi ya gaza, jinƙan da ya nuna a dā ne ya zama hanyar kuɓuta. Tolkien ya sa wannan ya faru ran 25 ga Maris, ranar da ikkilisiya ta dā take tunawa da saƙon mala'ika ga Maryamu. Ya kuma sa hannu a aikin Littafi Mai Tsarki kai tsaye, gama shi ya fara fassara Littafin Yunusa domin juyin Jerusalem Bible na 1966.

Edith ta rasu a 1971. Tolkien ya bi ta ran 2 ga Satumba, 1973, yana da shekara 81, aka binne su a kabari ɗaya a Wolvercote, gefen Oxford.

Gādon da bai gani ba

A farkon 1974, 'yan watanni bayan rasuwarsa, Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wani wasa a Amurka mai suna Dungeons & Dragons. 'Yan wasa sukan zauna kewaye da tebur, ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin jarumi ko mai sihiri ko ɓarawo, ana jefa ƙwaya irin ta wasan lido, wata mai fuska har 20, don a san ko abin da mutum ya yi niyya ya yiwu. An ɗebo halittu da dama daga littattafan Tolkien, har masu haƙƙin mallaka suka yi ƙorafi a 1977, aka sauya sunayen waɗansu.

A shekarun 1980 wasan ya raba kan Kiristocin Amurka. Waɗansu suka ga ƙofa ce ta sihiri, suna tuni da gargaɗin Maimaitawar Shari'a sura 18, Jack Chick kuma ya buga wata ƙasida mai zane a 1984 yana kashedi a kansa. Waɗansu suka ce wasan kwaikwayo ne kawai, babu mai kiran aljani na gaske. A shekarar nan ta 1984 aka fitar da DragonRaid, wasa irinsa wanda ake haddace ayoyin Littafi Mai Tsarki a ciki, shi ma bai tsira daga suka ba. Daga baya finafinan Peter Jackson, daga 2001 zuwa 2003, suka kai labarin zoben gidaje masu yawa a duniya, wasannin kwamfuta da na waya kuma suka gāji wannan salo.

Rayuwar Tolkien tana ba iyaye ma'auni a wannan batu. Ƙaga labari ba zunubi ba ne a kan kansa: annabi Natan ya kai Dawuda ga tuba da labarin 'yar tunkiya, Yotam ya tsauta wa mutanen Shekem da labarin itatuwa, Ubangiji kuma ya koyar da misalai. Amma ba kowane labari ko wasa ne yake gina mutum ba. A wurin Tolkien mugunta muguwa ce, neman iko a kan waɗansu tarko ne, tawali'u da jinƙai ne suke da daraja. Ya kamata uba da uwa su zauna tare da yaro su ga abin da yake karantawa da abin da yake wasa da shi, su duba ko ana yabon alheri ne ko ana ƙawata mugunta, ko abin yana cinye lokacin addu'a da karatu da aikin gida, su kuma auna shi da Filibiyawa 4:8. Wanda lamirinsa bai kwanta ba, gara ya bari, kada kuma ya hukunta ɗan'uwansa, kamar yadda Romawa sura 14 ta koyar.

Wata gwauruwa matalauciya ce ta shuka bangaskiya a zuciyar yaron nan, ta kuwa mutu ba ta ga amfanin gonarta ba. Allah ya ba iyaye Kirista alherin yin shuka irin tata. Amin.