SIFIRIDON LUWIS: ƊAN GARUWAN DA YA FITAR DA ƘASAR GIRKA KUNYA

Da Edita ya aiko mini cewa a wannan fitowa ni zan cike shafin tarihin mashahuran mutane, sai na rasa wanda zan ɗauko, domin sarakuna da malamai da 'yan siyasa an sha kawo mana su. Ana nan, ran nan da la'asar ina zaune a ƙofar gida bayan tashi daga ofis, sai ga wani ɗan garuwa ya turo kura cike da jarkoki, ya haye ɗan tudun unguwarmu ko haki bai yi ba. Nan take na tuna da wani ɗan garuwan ƙasar Girka mai suna Sifiridon Luwis, wanda shi ne mutum na farko da ya ci gudun yada-ƙanin-wani, wato maraton, a wasannin Olamfik. Malamanmu na tarihi sai su yi mini afuwa, yau ɗalibinsu ya yi kutse a gonarsu.

An haifi Luwis ranar 12 ga Janairu, 1873, a Marusi, wani ƙauye da ke arewa da Atina, babban birnin ƙasar Girka. Tsakaninsu akwai tazarar fiye da kilomita 10, ko da yake yanzu birni ya haɗiye ƙauyen. Iyayensa talakawa ne. A zamanin ruwan famfo bai wadaci Atina ba, saboda haka mahaifinsa ya riƙi sana'ar kai ruwan sha birni yana sayarwa, shi kuwa yaro yana taya shi. An ce a bisa alfadari suke ɗora ruwan, shi yana biye da ƙafa, ya je ya komo, yau da gobe. Duk wanda ya yi zaman kwana a makarantarmu, ya san layin rijiya da asuba da nauyin bokiti a ka, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Daga 1893 zuwa 1895 ya yi aikin soja, inda ya zauna a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Kanar Papadiyamantofulos. Sunan sai an ja numfashi, amma mai karatu ya riƙe shi, domin za mu sake haɗuwa da shi.

Kafin mu ci gaba, ya kamata a san halin da ƙasar take ciki a lokacin. Girkawa ne suka ƙago wasannin Olamfik tun shekara 776 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), a wani wuri da ake kira Olimfiya, aka yi ta yi duk bayan shekara huɗu, har abin ya mutu wajen ƙarshen ƙarni na huɗu. A 1894 wani Bafaranshe, Pierre de Coubertin, ya kira taro a Paris aka amince a farfaɗo da wasannin, kuma a fara a Atina a 1896. To, ga daraja ta zo amma aljihu babu komai, don kuwa a 1893 gwamnatin Girka ta fito fili ta ce ta kasa biyan basussukan da ake bin ta. Sai da Yarima Konstantin mai jiran gado ya karɓi ragamar shiri, aka yi gidauniya, sa'an nan wani attajirin Bagirke mazaunin Iskandariyya ta ƙasar Masar, George Averoff, ya ba da kusan dirakma miliyan ɗaya, aka sake gina tsohon filin wasan birnin da farin dutse.

Shi kuwa gudun maraton ba ya cikin wasannin mutanen da. Wani malamin harsuna ne ɗan Faransa, Michel Bréal, ya kawo shawarar, ya kuma yi alkawarin kofin azurfa ga wanda ya ci. Ya ɗauko abin daga wani tsohon labari da ke cewa a shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da mutanen Atina suka ci sojojin Farisa da yaƙi a filin Maraton, wani manzo ya sheƙo a guje har birni, ya isar da albishir, ya faɗi ya mutu. Tsawon hanyar kimanin kilomita 40 ne. Wanda ya taɓa takawa daga ƙauye zuwa kasuwar Ƙanƙara ko ta Faskari da rana tsaka ya san ko kilomita 10 ba wasa ba ce. Girkawa suka ɗauki wannan gudu tamkar gadon gidansu, wanda bai kamata baƙo ya zo ya ɗauke ba.

Saboda haka aka shirya gwaji don a tace waɗanda za su wakilci ƙasa, aka danƙa aikin a hannun Kanar ɗin nan. Gwajin farko wani mai suna Karilawos Basilakos ne ya ci, cikin awa 3 da minti 18. Da aka zo na biyu, sai Kanar ya tuna da wani kurtunsa na da mai jimirin tafiya, ya lallashe shi ya shiga. Luwis ya shiga, ya zo na biyar, aka dai sa shi cikin jerin. A nan nakan tsaya in yi tunani. Ba ƙungiyar wasa ce ta gano shi ba, ba kuwa wata makaranta ba. Mutum ɗaya ne ya lura da yaro, ya riƙe abin a ransa. Allah kaɗai ya san yawan irinsa da ke bin shanu ko turin kura daga Ƙanƙara har Sabuwa, waɗanda ba wanda ya taɓa duba agogo a kansu.

Aka buɗe wasanni ranar 6 ga Afrilu, 1896, da 'yan wasa 241 daga ƙasashe 14. Tun daga ranar farko murna ta fara komawa ciki. Samarin Amurka, yawancinsu 'yan jami'a, suka yi ta kwashe wasannin guje-guje da tsalle-tsalle. Abin da ya fi ƙona ran masu masauki shi ne jifan faifai, wasan da kakanninsu suka sassaƙa wa gumaka, amma wani ɗalibi Ba'amurke, Robert Garrett, wanda bai daɗe da fara taɓa faifan ba, ya zo ya kayar da gwaninsu a gaban sarkinsu. Kwana huɗu ana haka, Bagirke bai ci ko ɗaya ba a guje-guje da jefe-jefe. Saura maraton.

Ranar Juma'a 10 ga Afrilu, wajen ƙarfe biyu na rana, mutum 17 suka jeru a garin Maraton, Girkawa 13 da baƙi huɗu. Kanar ya harba bindiga aka tashi. Uku daga cikin baƙin su ne suka zo na ɗaya da na biyu da na uku a gudun mita 1,500 kwana uku kafin nan: Edwin Flack na Ostareliya, da Arthur Blake na Amurka, da Albin Lermusiaux na Faransa. Gwanaye ne, sai dai ba su saba da irin wannan nisa ba. Na huɗunsu, Gyula Kellner na Hangari, shi kaɗai ya taɓa gwada doguwar hanya. Bafaranshen ya fita kamar an harba kibiya, ya ba kowa rata mai yawa, sauran biyun suka dafa masa baya. 'Yan ajinmu za su tuna masu irin wannan tashi ranar gasar gidaje, waɗanda ke wuce kowa a zagayen farko ana tafi, a zagaye na uku kuwa a same su kwance a gindin darbejiya ana yi musu fifita.

Luwis yana can baya, yana tafiyarsa ta kullum. An ce da ya iso ƙauyen Pikermi har tsayawa ya yi ya jiƙa maƙoshi, ya tambayi nisan da na gaba suka ba shi, ya nuna wa mutanen wurin cewa zai cim musu. Daga nan hanya ta fara hawa tudu, ga ƙura ga rana. Blake ya zube wajen kilomita 23. Lermusiaux ya fara tangaɗi, Flack ya wuce shi, wajen kilomita 32 shi ma ya ajiye. Luwis ya yi ta tsince su ɗaya bayan ɗaya har ya kamo Flack, suka jera na ɗan lokaci, sa'an nan ya yi gaba. Saura kilomita uku ko huɗu a shiga fili Flack ya faɗi, aka ɗauke shi a keken doki.

A can fili kuwa dubban mutane sun yi jugum, domin wani mai keke ya riga ya kawo labarin cewa ɗan Ostareliya ne a gaba. Can sai ga wani manzo da labari na biyu, cewa na gaban Bagirke ne. Kafin a gama tantama, sai ga wani siririn saurayi ya shigo, ƙura ta rufe shi. Fili ya ɗauka. Yarima Konstantin da ƙanensa Yarima George suka sauko suka sa shi tsakiya, suka yi gudu tare da shi har layin ƙarshe, mahaifinsu Sarki George na Ɗaya yana tsaye yana kallo. Luwis ya gama cikin awa 2 da minti 58 da daƙiƙa 50, yana da shekara 23. Sai bayan fiye da minti bakwai Basilakos ya iso na biyu.

Na uku ma Bagirke ne, wani matashi mai suna Belokas, sai dai murnar ba ta daɗe ba. Kellner, wanda ya zo na huɗu, ya kai ƙara cewa yaron ya hau keken doki a wani yanki na hanya. Aka bincika, ya amsa laifinsa, aka ƙwace matsayin aka ba Kellner. Ashe dai masu laɓewa a gonar dawa ranar gudun daji, su ɓullo dab da ƙofar makaranta suna haki na ƙarya, ba su suka fara ba. Ba zan kama suna ba, yanzu wasunsu manyan mutane ne. Washegari kuma wata mata, Stamata Revithi, wadda aka hana shiga tseren, ta bi hanyar ita kaɗai cikin kimanin awa biyar da rabi, aka hana ta shiga fili. Mata ba su sami gudun maraton a Olamfik ba sai a 1984.

A wancan karo ba a ba da lambar zinariya ba. Na ɗaya lambar azurfa ya samu da reshen zaitun, Luwis kuma ya haɗa da kofin Bréal. Kyaututtuka suka yi ta zuwa daga jama'a, daga masu agogo da zobe har mai askin da ya yi alkawarin yi masa aski kyauta muddin ransa. Labarin da ya fi shahara shi ne sarki ya ce ya faɗi abin da yake so, shi kuwa ya roƙi amalanke da dabbar da za ta ja, don ya sauƙaƙa jigilar ruwa. Na sha jin masu cewa wannan wauta ce. Ni ban ga haka ba. Mutumin ya san tafi ba ya cika tukunya, ya kuma san abin da zai iya riƙewa.

Abin mamaki, daga ranar bai sake shiga wata gasa ba. Ya koma Marusi, ya auri Eleni, yarinyar da yake nema tun kafin tseren, ya yi noma, daga baya ya yi aikin ɗan doka na ƙauye. A 1926 aka kama shi bisa zargin yin jabun takardun soja, ya yi fiye da shekara a kurkuku kafin kotu ta wanke shi. Mutumin da 'ya'yan sarki suka raka da gudu ke nan, bayan shekara talatin.

Duniya ta sake tunawa da shi a 1936, lokacin da Jamus ta gayyace shi wasannin Balin a matsayin babban baƙo. Ya zo yana ɗan shekara 63, sanye da tufafin gargajiyar ƙasarsu, ya shige gaban tawagar Girka, wadda bisa al'ada ita ke fara shiga fili. A nan ya miƙa wa Hitila reshen zaitun da aka yanko daga Olimfiya, alamar zaman lafiya. Ba na ganin laifin tsohon, amfani aka yi da shi, kamar yadda masu mulki suka saba yi da talaka mai farin jini. Ya rasu ranar 26 ga Maris, 1940. A watan Oktoba na shekarar Italiya ta auka wa Girka, a Afrilun 1941 kuma sojojin Hitila suka shiga Atina.

Tun daga 1896 ba a taɓa yin wasannin Olamfik na bazara babu 'yan Girka ba, amma a fagen gudu sun daɗe suna jiran magajin Luwis. Sai a 1992 a Basalona wata mata, Voula Patoulidou, ta ci zinariya a gudun tsallake shinge na mita 100, namiji kuwa sai a 2000 a Sidni, da Kostas Kenteris ya ci mita 200. Shi kansa maraton ya bar hannunsu. An tsayar da tsawonsa a kilomita 42 da mita 195, tsawon da aka fara gudu a Landan a 1908, kuma tun da Abebe Bikila na Habasha ya ci shi ba takalmi a Rum a 1960, mutanen gabashin Afirka suka yi kaka-gida a cikinsa.

Har yau a harshen Girka, in mutum ya ranta a na kare ya ɓace, sai su ce ya zama Luwis. Kofin nan na azurfa ya zauna a hannun iyalinsa shekara 116, ya tsallake yaƙe-yaƙe, har zuwa 2012 da tattalin arzikin Girka ya sake durƙushewa, jikansa ya kai shi gwanjo a Landan. An sayar da shi fam 541,250, wata gidauniyar Girkawa ta saya ta mayar da shi gida. Babban filin wasan da aka gina a Marusi kuwa, aka buɗe a 1982, sunansa aka sa masa. A cikin wannan fili ne, a wasannin Olamfik na 2004, 'yan Nijeriya maza suka ci lambobin tagulla biyu a gudun miƙa sanda, na mita 100 sau huɗu da na mita 400 sau huɗu, waɗanda su kaɗai ne lambobin da muka dawo da su gida a shekarar.