Drazen Petrovic: Gwanin ƙwallon kwandon da aka ajiye a benci, ya sauya salo ya zama tauraro

Drazen Petrovic ya rasu a hatsarin mota a ƙasar Jamus ranar 7 ga watan Yunin 1993 yana da shekara 28, a daidai lokacin da tauraruwarsa ta fara haskawa a gasar NBA ta Amurka. Kafin hakan ya yi shekara ɗaya da rabi yana ɗumama benci, duk da cewa a Turai kowa ya sallama masa. Tarihinsa ya nuna yadda gurbin da koci ya ba matashi zai iya binne shi, da yadda koyon aiki na biyu a fili zai iya ceto shi.

Yaron Sibenik

An haife shi ranar 22 ga watan Oktoban 1964 a Sibenik, wani gari a bakin teku a tsohuwar Yugoslabiya, wanda yanzu yake cikin Kuroshiya. Mahaifinsa ɗan sanda ne, mahaifiyarsa kuma ma'aikaciyar ɗakin karatu. Yayansa Aleksandar ne ya fara buga ƙwallon kwando, shi kuma ya bi sahunsa.

Yana da shekara 13 ya shiga ƙungiyar yara ta Sibenka, a shekara 15 kuma aka haura da shi cikin manya. An san shi da sammakon zuwa filin atisaye kafin lokacin makaranta, ya jera kujeru yana ratsa su da ƙwallo, sannan ya yi jifa ɗaruruwa shi kaɗai.

Ya kai Sibenka wasan ƙarshe na Kofin Korac a 1982 da 1983, amma duka biyun Limoges ta Faransa ta doke su. A 1983 ya ci jifa biyu na fanareti da suka ba ƙungiyarsa kofin Yugoslabiya a karawa da Bosna. Washegari hukumar wasan ta soke sakamakon bisa kuskuren alƙalanci, ta ce a sake bugawa. Sibenka ta ƙi zuwa, aka miƙa wa Bosna kofin.

Lokacin da ƙwallo ke hannunsa

Domin a gane abin da ya same shi daga baya, sai an san yadda ake raba aiki a fili. Kowace ƙungiya na sa mutum biyar, biyu daga cikinsu su ne 'yan baya. Lamba 1 shi ke ɗauko ƙwallo daga gida, ya tsara hari, ya raba wa abokansa. Lamba 2 kuwa maharbi ne, aikinsa ya nemi sarari, ya karɓa, ya jefa a kwando.

A Turai, Petrovic mai tsawon mita 1.96 ya haɗa ayyukan biyu. Shi ke riƙe ƙwallo, shi ke yanke shawara, kuma mafi yawan lokuta shi ke jefawa. Bayan ya kammala shekarar aikin soja ta dole, ya koma Cibona ta birnin Zagreb a 1984, inda ya haɗu da yayansa.

A 1985 ya ci maki 36 a wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, Cibona ta doke Real Madrid a birnin Athens. A 1986 suka sake ɗaukar kofin bayan doke Zalgiris ta Arvydas Sabonis. A watan Oktoban 1985 ya zura maki 112 a wasa guda da Olimpija, ko da yake a ranar abokan hamayyar 'yan wasansu na yara suka fito da su saboda matsalar rajista.

Real Madrid ta ɗauke shi a 1988. A wasan ƙarshe na wani kofin Turai a 1989 ya ci maki 62 a kan Caserta ta Italiya, aka tashi 117 da 113 bayan ƙarin lokaci. A shekarar ce kuma ya jagoranci Yugoslabiya ta ci kofin ƙasashen Turai a Zagreb, aka zaɓe shi gwarzon gasar. Tuni 'yan jarida suka laƙaba masa sunan Mozart na ƙwallon kwando.

Portland: gwani a benci

Portland Trail Blazers ta zaɓe shi tun 1986 a matsayi na 60, amma sai a 1989 ya tafi Amurka. Can ya tarar da gurbin 'yan baya a cike. Terry Porter ne lamba 1, lamba 2 kuma Clyde Drexler, abokin wasan Hakeem Olajuwon na Najeriya tun suna Jami'ar Houston.

Lissafin ba shi da wuya. Wasan NBA minti 48 ne, don haka gurabun 'yan baya biyu minti 96 ke nan. Drexler da Porter kowannensu na buga kusan minti 35 ko fiye. Abin da ya rage bai wuce minti 25 ba, kuma shi ma sai an raba da wasu.

Koci Rick Adelman ya ga Petrovic bai da saurin da zai tare ƙananan 'yan lamba 1 na Amurka, sannan babu dalilin cire Drexler daga lamba 2. Aikin da aka ba shi shi ne ya shigo daga benci, ya tsaya a gefe, in ƙwallo ta zo ya jefa. Mutumin da ya saba cin maki 30 zuwa 40 a Turai ya koma buga kimanin minti 12, yana cin maki 7 da 'yan kai.

Ba za a ce kocin bai san aikinsa ba. Portland ta ci wasa 59 a kakar, ta kai wasan ƙarshe a 1990, inda Detroit Pistons ta doke ta. Ƙungiyar da ke neman kofi a yau ba ta da haƙurin renon wanda zai yi amfani gobe.

A bazarar 1990 Petrovic ya ci kofin duniya da Yugoslabiya a Ajantina. Da ya dawo Portland sai ya tarar an ƙaro gogaggen ɗan baya Danny Ainge. Mintocinsa suka faɗi zuwa kusan 7, wasu ranakun ma ko tashi daga benci bai yi ba. Ya nemi a sake shi, kuma a ranar 23 ga watan Janairun 1991 aka miƙa shi ga New Jersey Nets.

New Jersey: sabon aiki

Nets ba ta da ƙarfi a lokacin, rabonta da zagayen fitar da zakara tun 1986. Wannan raunin ne ya zama alheri ga Petrovic, domin akwai mintoci. A ragowar kakar ya riƙa buga kusan minti 20, yana cin maki 12.6.

Sai dai bai dawo da wasansa na Turai ba. Ya bar ɗauko ƙwallo ga 'yan lamba 1 na ƙungiyar, Mookie Blaylock da kuma Kenny Anderson daga baya. Ya koyi gudu ba tare da ƙwallo ba, yana zagaye bayan manyan abokansa irin su Derrick Coleman domin su tare masa mai gadinsa, ya karɓa ya jefa cikin ƙiftawar ido. Ya dage da ɗaga ƙarfe har jikinsa ya cika, ya kuma gyara tsaron da aka raina shi a kai.

A kakar 1991 zuwa 1992, ƙarƙashin koci Bill Fitch, da shi aka fara duka wasanni 82, yana cin maki 20.6 a kowane wasa. A kaka ta gaba, ƙarƙashin Chuck Daly, ya kai maki 22.3. Fiye da rabin jifansa na shiga, a jifa mai maki uku kuma kusan kashi 45 cikin 100. Ba a gayyace shi wasan taurari na tsakiyar kaka ba, abin da ya ɓata masa rai, amma a ƙarshen kakar an sa shi a jeri na uku na gwanayen NBA. Nets ta shiga zagayen fitar da zakara a shekarun biyu.

Tsohon aikinsa bai ɓace ba. A gasar Olympics ta Barcelona a 1992, a lokacin da yaƙi ke ci a ƙasarsa, ya jagoranci sabuwar ƙasar Kuroshiya har wasan ƙarshe. Tawagar Amurka ta su Michael Jordan da Magic Johnson ta doke su 117 da 85, shi kuma ya ci maki 24.

Ajali a hanyar Jamus

A farkon watan Yunin 1993 ya buga wa Kuroshiya wasannin neman gurbin gasar Turai a ƙasar Poland. Da tawagar ta yada zango a Frankfurt, sai ya bar jirgi ya shiga mota. Kusa da garin Denkendorf a jihar Bavaria, ana ruwan sama, motar ta afka wa wata babbar mota da ta tsallako ta tare hanya. Yana barci a kujerar gaba, bai ɗaura bel ba, nan take ya cika.

An binne shi a maƙabartar Mirogoj da ke Zagreb. Nets ta jingine lambarsa ta 3 a shekarar, aka kuma sa wa filin Cibona sunansa. A 2001 Goran Ivanisevic ya sadaukar masa da kofin tanis na Wimbledon, a 2002 kuma aka shigar da shi zauren gwarazan ƙwallon kwando na Naismith da ke Amurka.

Abin lura ga masu horar da yara

Matsalar da Adelman ya fuskanta ita ce ke gaban duk mai horar da yara, ko a Badariya ta Birnin Kebbi yake, ko a Argungu, ko a Kano da Zariya. Gurbin 'yan baya biyu ne, masu so kuma sun fi biyu. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba gajere ƙwallo, a tura dogo ƙarƙashin kwando, a bar kowa a nan har ya girma.

Amma yaron da ke lamba 1 a unguwarsu, in ya je gaba zai iya tarar da wanda ya fi shi sauri. Idan bai taɓa koyon gudu ba tare da ƙwallo ba, ko jifa daga karɓa, ko tare wanda ya fi shi tsayi, benci ne makomarsa. Adelman yana da uzurin neman kofin NBA. Kocin 'yan shekara 13 ba shi da wannan uzurin, don haka ya fi dacewa ya riƙa juya yaransa a gurabun biyu ko da zai rasa wasa ɗaya ko biyu. Petrovic sai da ya kai shekara 26 kafin ya koyi aikinsa na biyu, kuma kaka biyu da rabi kacal ya samu ya nuna shi.